Makirufo, Safa da Waƙoƙin Hajiya Kulu

Ran Juma'ar nan ina zaune ƙofar shagona a Ƙanƙara ina warware waya, na ji ɗayanku yana cewa ai yanzu kowa ma mai fodkas ne, ka ajiye waya gaban mutum, ka danna jan maɓalli, ya yi ta zuba, shi ke nan. Ban ji haushi ba, dariya na yi. Amma tun da kun zo kun zauna, ku gyara zama in ba ku labarin wannan jan maɓallin, don na fi shekara talatin ina danna shi, kuma har yau hannuna bai saba da shi yadda zan danna ba tare da na yi bisimilla ba.

Sunana Lawal, Baba Lawal mai kaset ake ce mini, ko da yake rabon da in riƙe kaset an daɗe. Aikina ɗaukar murya. Yanzu abin da na fi ɗauka shi ne hira da marubuta waƙoƙi, a tace ta, a sa a intanet mutane su saurara a wayoyinsu. Wannan shi ne fodkas ɗin da kuke faɗa. Amma ba a nan na fara ba.

Na fara ne a rumfar Alhaji Garba a kasuwar Faskari, lokacin da rikoda take da girman akwatin amarya, batirin mota ke ba ta wuta. Shekara biyu cur ban taɓa makirufo ba. Aikina goge kan rikoda da auduga, naɗe zaren kaset da biro idan ya warware, da ɗaukar batiri a kai zuwa wurin caji. Wata rana wani malami ya zo rera waƙarsa ta wa'azi, Alhaji ya ce in rufe ido. Da malamin ya yi baiti biyu sai ya tsayar da shi, ya juyo gare ni.

"Lawal, mi ka ji?"

Na ce, "Malam na ji yana waƙa."

"Ba shi na tambaye ka ba. Rufe ka sake."

Na sake rufe ido. A nan na ji jaki yana kuka can bayan 'yan hatsi, na ji mai gyaran keke yana buga ƙarfe, na ji kwanon rumfa yana maido da muryar malamin kamar mutum biyu ke waƙa. Na faɗa masa duka.

Ya ce, "To duk abin nan rikoda ta ji shi. Kunnenka yana da kara, yana zaɓen wanda zai saurara. Ita ba ta da kara. Sai ka koyi ji irin nata."

Wannan ne karatun farko, kuma shi ne kusan duka karatun.

Aikin da na fara yi ni kaɗai a Sheme ne. Alhaji ba shi da lafiya, ya tura ni in ɗauko waƙar wani manomi, Malam Isiyaku, wanda ya rubuta waƙar noman auduga da ajami a wata doguwar takarda. Na shirya komai, na rataya bargo a ƙofa, na sa aka kore kaji, na danna. Malam ya ɗauko waƙa da murya mai daɗi, ya yi yabon Ubangiji, ya yi salati, ya shiga gona, ya yi shuka, ya yi noman farko. Yana tsakiyar baitin feshi sai na ji ƙat, kaset ya ƙare. Ban tambaye shi tsawon waƙar ba, ga shi gajeren kaset na ɗauko.

Na ce, "Malam, a yi haƙuri, bari in juya, sai ka ci gaba daga wurin feshi."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Daga wurin feshi? Kai ka taɓa ganin an yi feshi ba a yi shuka ba? Daga farko za mu koma."

Muka koma farko. Kaset ya sake ƙarewa a wurin feshi, daidai baitin nan. Sau uku muna haka, har matarsa ta leƙo ta ce ita dai ta haddace rabin waƙar, ko za a bar ta ta ji ƙarshenta kafin ta mutu. Sai da na hau keke na koma Faskari na ɗauko dogon kaset. Tun daga ranar, kafin in kunna komai sai na tambayi mai waƙa baiti nawa ne, in sa ya rera ɗaya in duba agogo.

Kaset ya mutu a hannunmu muna kallo. Faifan sidi ya zo, shi ma bai daɗe ba. Alhaji Garba ya rasu, Allah ya jiƙansa, na dawo gida Ƙanƙara na buɗe wannan shagon, aiki ya koma tura wa mutane karatu da waƙoƙi a mimori. Makirufona biyu na naɗe su cikin tsumma na sa a ƙasan akwati.

Wadda ta sa na fito da su ita ce Malama Rabi. Malamar Hausa ce a wata sakandare a Faskari, ita ma tana rubuta waƙa. Ta shigo shagon nan da hantsi, ta miƙo mini wayarta ta ce in saurara. Hira ce ta yi da wani mai waƙa. Tambayoyinta sun yi kyau ƙwarai, amma muryar kamar daga cikin rijiya take fitowa, ga fanka tana ta gurnani.

Ta ce, "Baba Lawal, ni na iya tambaya, amma ban iya kamawa ba. Marubutan nan namu suna nan birjik daga Ƙanƙara har Sabuwa, ba wanda ya san yadda suka fara, ba wanda ya san me suke ci me suke sha a kan rubutun nan. Ina so a ji su da bakinsu."

Na ce, "A aji kika ɗauki wannan, ko?"

"Ya aka yi ka sani?"

"Siminti ne ƙasa, kwano ne sama, tagogi a buɗe. Kuma akwai wanda ke cin gyaɗa ta hagunki."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce mataimakin shugaban makaranta ne. Daga ranar muka raba aiki: tambaya tata, kunne nawa.

Ga jakar nan, ku leƙa. Makirufo biyu, tun na Alhaji Garba. 'Yar rikoda mai mimori. Abin kunne na saurare, wanda ba na ba kowa aro. Batura a cikin gwangwanin madara. Barguna biyu na rataya a bango don su shanye amsa-kuwwa. Wannan kuma safa ce, ta yara, sabuwa. Ita nake sa wa makirufo, don mai waƙa idan ya zo kan "fa" da "ba" iskar bakinsa takan bugi makirufo kamar an mari mutum. Idan na shiga ɗaki, kafin in gaisa sosai ma sai na tafa hannu sau ɗaya in ji abin da ɗakin zai ce. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi kowane daɗi. Falon mai kuɗi mai tayil shi ne abokin gabana. Sannan dole ka san unguwa: ƙarfe nawa mai injin niƙa ke tashi, yaushe ake tashi daga islamiyya, saura minti nawa a kira salla. Da damina kuma ka dubi gabas kafin ka dubi baƙonka.

Akwai wani tela a nan Ƙanƙara, Nafi'u, da ke rubuta waƙoƙinsa a waya, irin na zamanin nan da ba ruwansu da amsa-amo, ba a rera su, karanta su ake yi. Kafin mu kunna, bakinsa bai tsaya ba. Ya ba mu labarin yadda yake tsayar da keken ɗinki a tsakiyar riga don kada baiti ya gudu, yadda ya taɓa rubuta waƙa a bayan takardar awon wani Alhaji har aka ɗinka masa wando da tsawon hannu. Ina cewa "mun fara", sai ya zama gunki. Malama Rabi ta tambaye shi yaushe ya soma rubutu, ya ce, "E, haka ne." Ta sake tambaya, ya ce, "Gaskiya ne." Gumi ya jiƙa masa wuya.

Sai na ce, "Ku dakata, waya ta kwance." Na sunkuya ƙarƙashin tebur ina ta taɓe-taɓe kamar mai gyara, alhali rikoda tana tafiya. Malama ta gane. Ta ce masa, "Kafin Baba ya gama, wai wandon nan ya aka ƙare da shi?" Nan take Nafi'u ya dawo Nafi'u. Minti arba'in ina tsugune, ƙafata ta mutu. Da na fito na gaya masa gaskiya, na ce ga abin da na yi, in ya ce a goge yanzu zan goge a gabansa. Ya saurara, ya ce, "Baba, wannan ni ne?" Ya amince. Ku riƙe wannan: ba a sa muryar mutum a duniya sai da yardarsa, ko da kuwa ta fi zuma daɗi.

Malam Isiyaku na Sheme kuwa, mai waƙar auduga, matsalarsa ta bambanta. Mun gayyace shi ya tsufa, gemu ya yi fari, amma murya tana nan. Shi ba a fara shi, kuma ba a tsayar da shi. Malama ta yi dabara ta haɗa su da Nafi'u a zama ɗaya. Nafi'u ya karanta tasa, Malam ya ce, "Ɗana, maganarka ta yi ma'ana. To yaushe za ka fara waƙar?" Nafi'u ya ce ai ita ce waƙar. Malam ya ce, "Wagga ai wasiƙa ce." Suka yi ta ja, ana dariya, har Malam ya karɓi wasiƙar ya sa mata amsa-amo nan take ya rera, Nafi'u kuma ya karɓi baitin feshi ya warware shi ya karanta irin nasa. Wannan hirar ta yi yawo ƙwarai. Har yau in Nafi'u ya rubuta sabuwa sai ya hau mota ya kai Sheme a ce masa wasiƙa ce.

Bayan ɗauka sai tacewa, kuma a nan ne sabon hannu ke ɓarna. Yakan ga duk inda aka yi shiru ya yanke, don hira ta yi sauri. Tari ana yankewa, kukan akuya ana ragewa. Amma numfashin da mai waƙa ke ja tsakanin baiti da baiti, wannan cikin waƙar yake. Ka cire shi, ka ji mutum yana waƙa kamar ana bin sa da gudu. Hirar awa ɗaya takan ci mini yini biyu a gaban kwamfuta.

Sai shekarar da aka katse layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga. Kun san ta, kuna nan. Ba sabis, an rufe wasu kasuwanni, an hana hawa babur. Mai fodkas ba intanet, ai ya zama mai shago ba ƙofa. Wata biyu ban kunna rikoda ba, na koma gona.

Ina cikin cirar wake sai ga saƙo daga Malama Rabi a bakin wani direba, wai in shirya jaka za mu Sabuwa. Na same ta a tasha na ce, "Malama, mu ɗauka mu sa a ina?"

Ta ce, "Mu dai ɗauka. Hajiya Kulu ce."

Hajiya Kulu tsohuwar malamar firamare ce a Damari. Shekaru masu yawa tana rubuta waƙoƙi a littattafan rubutu na 'yan makaranta, na shuka, na tsafta, na haihuwa, na zaman duniya, tana koya wa ɗalibanta. Ba ta taɓa buga ko ɗaya ba. Da aka tashe su daga gida ta gudo Sabuwa wurin 'yarta da kayan jikinta kawai. Da ƙura ta lafa aka koma dubawa, an ƙone ɗakin, har da akwatin littattafan. Abin da ya rage na aikin rayuwarta shi ne abin da ke kanta, ga shi 'yar ta ce mantuwa ta fara kama ta.

Hanyar Sabuwa kun san ta. Mun tashi da sassafe, muka isa bayan azahar, na rungume jaka a ƙirji tun daga Faskari don kada ramuka su kashe mini makirufo. Muka tarar da tsohuwa 'yar ƙarama, da tabarau ɗaure da zare, zaune kan tabarma a ɗakin ƙasa. Na tafa hannu, ɗakin ya yi shiru. Ban ma fito da bargo ba.

Ta dubi makirufo ta ce, "Mi ya sa ka sa mashi safa? Sanyi yake ji?"

Na ce, "Kunya yake ji, Hajiya, ya ga malama."

Ta ce, "To ya zauna daidai, ban son motsi a aji."

Kwana biyu muka yi muna ɗauka, safe da yamma. Ta ba da labarin yadda ta fara rubutu don yara sun ƙi haddace darasin tsafta, ta mai da shi waƙa suka haddace a yini ɗaya. Ta rera waƙoƙi bakwai cif, ba tuntuɓe. Sauran kuwa gutsi-gutsi ne, baiti uku nan, amshi can. Ta ɗauko waƙar shuka, wadda ta ce ta fi so:

"Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙa,
Ku ɗauko iri mu je mu shuka..."

Sai ta tsaya. Ta koma farko, ta sake tsayawa a nan. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Rikoda tana tafiya.

Ta ce, "Malam Lawal, in ka koma ka cire wuraren nan da na mance. Kada a ce Malama Kulu ta kasa kawo darasinta."

Cirewa abu ne mai sauƙi, kuma haƙƙinta ne. Amma na ce, "Hajiya, in kin ce in cire zan cire. Sai dai ina da tambaya. Yara nawa kika koya wa waƙar nan?"

"Wa ya ƙirga? Duk wanda ya bi ta aji huɗu."

"To in na cire ramin, ba wanda zai san akwai rami."

Can ta matso kusa da makirufo da kanta, ta gyara murya irin ta aji, ta ce, "Duk wanda ya yi aji huɗu a hannuna, ya san abin da ke biye. Ina jira."

Da na gama tacewa ba intanet ɗin sawa, sai na koma irin ta da. Na zuba hirar a mimori guda goma, na rarraba wa masu cajin waya a Ƙanƙara da Faskari da Sheme, Malama ta aika wasu Sabuwa. Duk wanda ya kawo caji a tura masa kyauta. Mutane ba sabis, ba abin saurare, waya ta zama fitila kawai. Hirar Hajiya Kulu ta bi gari daga waya zuwa waya, a majalisa, a gona, a motar haya.

Bayan kamar mako uku, ina shago da hantsi, wata babbar mota ta tsaya a bakin titi. Wani ƙato ya sauko, gemu har ƙirji, ya cika ƙofar nan. Ya ce, "Kai ne mai ɗaukar Malama Kulu?" Na ce ni ne. Sai ya haɗe ƙafafu, ya sa hannu a baya kamar ɗan aji huɗu, ya buɗe baki:

"Gero da dawa suna ta kuka,
Sun gaji da zama cikin jaka."

Ya ci gaba har ƙarshen waƙar, baiti goma sha ɗaya. Na ce ya tsaya, na jawo makirufo, na sa safa, ya sake. Sunansa Sule, direba ne. Bayansa wata ungozoma ta zo daga Faskari da waƙar haihuwa cikakkiya. Wani mai sayar da taki ya aiko da tsohon littafinsa na firamare, ɓera ya ci gefe, amma waƙoƙi huɗu suna ciki da jan biron Malama Kulu a kai. Wasu suka rera a wayoyinsu suka ba direbobi mimorin. Kafin a maido da sabis mun tara waƙoƙi ashirin da uku.

Muka koma Sabuwa, Malama Rabi da sabon littafi mai kauri, ni da rikoda. Na sa wa Hajiya abin kunnena, wanda na ce muku ba na ba kowa, na kunna mata muryar direban. Ta rufe ido tana kaɗa kai, leɓɓanta suna bin sa. Yana kaiwa baiti na biyu ta buɗe ido, ta ɗaga hannu.

"Tsaya! Wannan Sule ne, ɗan gidan mai gishiri."

Na ce, "Shi ne, Hajiya."

"Taska na rubuta. Sun gaji da zama cikin taska. Ina jaka ta fito? Tun yana yaro haka yake, ya kama abu da ka bai duba allo ba." Ta juya ga Malama Rabi. "Rubuta taska, ɗiyata." Sannan ta dube ni ta saman tabarau. "Kai kuma ka gaya mashi bai ci ba. Ya zo ya sake."

Na aika masa. Ranar kasuwar da ta biyo ya ajiye motarsa da lodin masara a bakin hanya, ya shiga ɗakin Hajiya a Sabuwa ya durƙusa, ya rera ta daga farko har ƙarshe a gabanta, da taska a wurinta. Ta saurara har ya dire, ta ce, "To, yanzu ka wuce zuwa aji biyar."